Mayafina na Makka

Da na je Kanada jegon 'yata Rabi, mijinta ya kai mu kallon bikin rawar 'yan tsibiran Karayib a titi. Rabi ta ce, "Inna, kallo kawai." Ni da na aurar da biyar, wa zai koya mini biki?

Sai ga budurwa tana rawa, gashin tsuntsu a ka kamar zakara, ba ko zane. Na ɗauka faɗuwa ya yi, ga ƙattin banza sun zuba ido. Na kutsa na lulluɓe ta da mayafina na Makka. Ta rungume ni, ta cire shi, ta wuce da shi tana kaɗawa. Na tsaya ba mayafi gaban surukina.

Ashe Rabi ta ɗauki bidiyo, ta turo shi garinmu Matameye. Yanzu ko zakara ya gifta, maƙwabta sai su ce, "Hajiya, ga wani ba zane."