Rasuwar Maku 'Yar Roba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu ba su rabu da ƙarnin kifi ba, Kabutey ɗan Maa Adiki mai suyar kifi a tashar kwalekwale ta Ada Foah, a ƙasar Gana, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yashi ya yi masa dariya, rasuwar abokiyar aikinsa, Maku 'Yar Roba. Ta cika ranar Asabar da hantsi a Azizanya, inda kogi yake faɗa wa teku. Ta rasu tana bakin aiki.

Marigayiyar kifin roba ce mai taushi, tsawonta bai wuce yatsan tsakiya ba. Cikinta fari, gadon bayanta kore-kore, wutsiyarta mai faɗi kamar ƙaramin filafili. An haife ta a wata ƙasa mai nisa wadda har yau ba a samu wanda ya iya karanta rubutun bayan ledarta ba. Su biyar suka zo a leda ɗaya, ita ce auta.

Ba don ita Kabutey ya je birnin Tema ba. Ya je ne don wani ƙaton kifin roba mai tauri da ya hango a shagon kayan fatsa, mai launi bakwai, mai ƙugiya shida, da 'yan duwatsu a ciki suna kacau-kacau. Tun a shagon ya raɗa masa suna Onarabul. Matar shagon ta dube shi, ta dubi Onarabul, ta ce, "Ƙanena, wannan ai masunci yake kamawa, ba kifi ba. Ga shi ma ya kama ka." Sai ta jefa masa ledar su Maku a matsayin gyara. Haka marigayiyar ta shigo gidan, ba biki, ba rakiya.

Wanda bai san mai makokin ba ba zai gane girman rashin ba. Kabutey ya bar makaranta tun bai gama ƙaramar sakandare ba, domin benci yana yi masa ƙaiƙayi. Ya shiga kafinta ya fita, ya riƙe injin aski ya ajiye, ya yi acaɓa har ranar da ya sauke wata mata da kwandon tumatir ɗinta a cikin kwata, ya kwashi gishiri a Songor na 'yan kwanaki ya ce rana ta yi yawa. Mahaifiyarsa takan ce kafin kaza ta gama kwanci ya sake sana'a. Maku ce halitta ta farko da ta tsayar da shi wuri guda tun fitowar rana har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, bai ce ya gaji ba.

Ta kasance mai sauƙin kai. Ba ta taɓa neman a tono mata tsutsa ba, ba ta sa shi roƙon jatan lande a bakin kwalekwalen mutane ba, ba ta wari a aljihu. Ba mai surutu ba ce. In ta shiga ruwa, tsulum kawai za ka ji, kamar an jefa ƙwallon dabino a randa. Da wannan shirun ta koya masa abin da malamai suka gaza. Ta koya masa ya jefa, ya bari ta nitse har ƙasa, ya ɗaga sanda sau biyu a hankali, ya sake ta ta koma. Ta koya masa cewa kifi yana kawo cafka ne lokacin da take komawa ƙasa, ba lokacin da ake fizgarta kamar an biyo ɓarawo ba. Ta koya masa kada ya ɓata ƙafarsa in ruwa yana kwance, ya jira sai teku ta fara turo ruwa cikin kogi ko ta fara janye shi. In kifi ya taɓa ta, saƙon da take aikowa ta zare ɗaya ne: tak. Kabutey ya rantse ko a barci yana jin wannan tak ɗin a yatsansa.

Ko a wajen aure ba ta da kwaɗayi. An fara haɗa ta da wani miji, ƙugiya mai ƙaton kan darma, ya ja ta cikin duwatsu, da ƙyar aka ceto ta. Aka haɗa ta da wani marar nauyi, ruwa ya kwashe su su biyun kamar ganye. A na uku aka dace, matsakaici, wanda ke kai ta ƙasa ba tare da ya binne ta ba. Da shi ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: ƙananan kifaye take kawowa, tsawon tafin hannu. Kyanwar gidan ta yi ƙiba, amma tiren Maa Adiki bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Ana cikin haka Kawu Buertey, yayan Maa Adiki, ya aiko daga Tema cewa motar hayarsa na neman kwandasta, zai zo ranar Lahadi ya tafi da yaron. Maa Adiki ta yanke hukunci tana juya kifi a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In wannan robar taka ta kawo min kifin da zai cika tirena kafin Kawunka ya iso, ka zauna ka ci gaba da haukarka. In kuwa na kyanwa ne, haɗa kayanka."

"Maa, ai harkar sai a hankali."

"A hankali za ka riƙa kiran fasinja a Tema."

A makon ne ciwon ajali ya kama marigayiyar. Dama ta sha jinya a baya. Talibambam, kifin nan mai kumbura ciki, ya taɓa gutsure mata gefen wutsiya, aka yi mata aiki da wutar ashana. Wuyanta ya taɓa yagewa, aka ɗinke da gam. Amma wannan karon abin daga cikin gida ya zo. Wata mai son tsabta, wadda iyalan mamaciyar suka roƙa a sakaya sunanta saboda ita ke ciyar da su, ta ga kayan fatsa a warwatse, ta tattara su duka a gwangwanin madara ɗaya, ta rufe, ta ajiye a bayan murhun suya. Roba mai taushi da roba mai tauri ba sa kwana ɗaki ɗaya, balle da zafi. Da aka buɗe washegari, an tarar Maku ta manne a jikin Onarabul, fentinsa ya narke a kanta, ita kuma ƙugunta ya karkace hagu. Da aka raba su, Onarabul ya fito da ƙaton tabo a gefe, ita kuwa ba ta ƙara miƙewa ba.

Ranar Asabar, saura kwana ɗaya Kawu ya iso, Kabutey ya sauka bakin ruwa da asuba, ya bar marar lafiya a aljihu. Ya ce babban kifi sai babban mutum, ya ɗaura Onarabul. Onarabul ya shiga ruwa da faca, ya dawo da kacau-kacau, ya sake shiga, ya sake dawowa. Ya kawo ledar ruwan sha ɗaya, da ciyawa, da takalmin yaro ƙafar hagu. Masu jan taru da ke gyaran raga a gefe suka fara tafi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Kwandasta! Jefa kuma, ka cika mana ƙafar dama!"

Ruwa ya kusa gama shigowa, abin da ya rage kaɗan ne. Sai ya zaro Maku daga aljihu, ya dube ta, ya ba ta haƙuri, ya ɗaura ta.

Tsulum.

Ta nitse. Ya ɗaga sanda sau biyu, ya sake ta. A inda ruwa ke da haske ya hango tafiyarta: ba ta iyo kamar dā, tana tangaɗi, tana kifewa gefe guda, tana ɗingishi irin na ƙaramin kifin da ya ji ciwo. Idonsa ya cika da ƙwalla don tausayi. Ashe akwai wanda ke kallonta daga ƙarƙashin duwatsu, kuma shi ba tausayi ne ya kama shi ba. A jifa na uku ba tak ta aiko ba. Sanda ce ta lanƙwashe har ta sumbaci ruwa, zare ya ɗauki kuka, ziiii, kuma wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Abin da ya biyo baya, masu jan taru sun ba da labarinsa iri biyar. Abin da aka haɗu a kai shi ne Kabutey ya bi zaren da gudu a kan yashi, ya faɗi, ya tashi, ya shiga ruwa har ƙirji, wandonsa ya nemi barinsa, kuma bai saki sandar ba. Shi da bai taɓa riƙe abu ya kai ƙarshe ba. Daga baya wanda ya kira shi kwandasta ne ya shiga ruwa ya taya shi cicciɓo wani jan kifi mai haƙora kamar na kare, tsawon hannun babban mutum tun daga kafaɗa. Kan darma yana maƙale a leɓensa. Maku babu ita.

A gida aka ga gawar. Maa Adiki ta ɗora kifin a tire, kai ya leƙo ta nan, wutsiya ta zubo ta can. Ta sa wuƙa ta farke cikin, ta zaro wani abu kore-kore, rabi, babu wutsiya. Ta wanke shi da ruwa mai kyau, abin da ba ta taɓa yi wa kayan Kabutey ba, ta miƙa masa a tafin hannu ta ce, "Karɓi matarka. Ta fi ka zuciya."

Marigayiyar ta riga ta binne 'yan uwanta huɗu: ɗaya ta maƙale a dutse, ɗaya tana rataye a reshen bishiya a tsallaken kogi inda ake iya ganinta in ruwa ya janye, ɗaya talibambam ya cinye, ɗaya kuma agwagwar maƙwabta ta haɗiye, agwagwar tana nan lafiya. Ta bar mijinta, Kan Darma, wanda bakinsa ya ɗan buɗe saboda abin da ya gani. Ta bar Cokali, wani ƙarfe mai walƙiya da ke aiki sai ranar da ya ga dama. Ta bar jatan landen roba guda, marar gashin baki. Ta bar kyanwa, wadda ta fi kowa sanin abin da aka rasa. Ta kuma bar Onarabul, wanda ke karɓar gaisuwa a kan ƙusa a bango, inda zai ci gaba da zama har abada.

Za a yi jana'iza ranar Talata, tunda ranar ba mai shiga teku, kada wani ya ce aiki ne ya hana shi. Za a kafa rumfa a gaban teburin Maa Adiki. A zo da ja da baƙi, domin marigayiyar ba ta tsufa ba. An so a sassaƙa mata akwati mai siffar kifi kamar yadda ake yi wa manyan masunta, sai aka tuna ita kifin ce da kanta, don haka gwangwanin sadin ya wadatar. Za a binne ta a yashi, sama da inda ruwa ke kaiwa. Za a ci tuwon banku da yaji da abin da ya rage na wanda ya kashe ta. Masu jan taru su zo da kujerunsu. Ba a karɓar kuɗin gaisuwa. Mai son taimakawa ya kawo 'yar roba mai tsawon yatsa, launin ƙananan kifin kogin nan. Duk wanda ya zo da abu mai kacau-kacau za a mayar da shi daga bakin rumfa.

Iyalan suna ba da haƙurin rashin halartar Kawu Buertey. Ya iso ranar Lahadi kamar yadda ya alkawarta, ya ci, ya sha romo, ya ce yaro ya ɗauko jakarsa. Maa Adiki ta ce, "Yaya, nemi wani kwandastan. Wannan yana da aiki da asuba." Ya koma Tema shi kaɗai, da kan kifi a leda, da kuma saƙon ƙanwarsa zuwa ga matar shagon kayan fatsa: leda biyu, irin marigayiyar, ƙanana, marasa ƙyalli. Maa Adiki ta ce in sun iso ita za ta ajiye su da hannunta a bayan murhu. Kabutey ya ce a'a. Ta ce to guda ɗaya kawai, daidai yadda ƙugun zai karkace.