Wake a Kan Faifai

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan ƙanena ba, a gidanmu na Ƙofar Jatau. Ƙanena fari ne, matarsa Rabi fara tas, jariri kuwa ya zo baƙi wuluk. Tun safe matan unguwa ke leƙa zani suna cewa, "Masha Allah, to wa ya biyo?" Rabi na kuka a ɗaki, don maganar ta fara kaiwa kunnen mijinta.

Ni kuwa lokacin ina koyar da bayoloji a sakandaren 'yan mata, ga gilashi, ga haske (hasken nan mu ajiye shi tukuna). Na ce yau ilimi zai yi rana.

Na sa aka kawo faifai biyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba, na cakuɗa farin wake da ja a kowanne, jan a matsayin baƙar fata. Na ce launin fata ba ƙwayar gado ɗaya ke yanke shi ba, da yawa ne, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Uwa ta ba da rabin nata, uba ya ba da rabi. Farin mutum ma yana ɗauke da jan wakensa, wata rana sai ɗa ya kwaso jajayen ta ɓangare biyu.

Na rufe ido na dumbuzo. Fari. Na sake. Fari. Na uku ma kusan duk fari. Wata ta ce, "Malama, waken ma ya ƙi ba da shaida."

Sai Goggo Ladi, yayar babanmu, ta buga sanda. "Ku daina ɓarnar wake. Ga shaida nan tsaye da gilashi. Ni na yanke mata cibiya, ta fi yaron nan baƙi, iyayenta kuwa farare. Wannan farin nata na kanti ne. Ke, ɗaga gyale su ga bayan kunnenki!"

Na ɗaga (ana musu da Goggo?). Tsakar gida ta ɗauki shewa. Har Rabi ta fito da jariri a kafaɗa, tana dariya da hawaye. Aka kara kunnensa da nawa, aka ce jinin gida ne, magana ta mutu.

Bayanina daidai ne, har gobe. Na dai koyi cewa malamar da ba ta shirya kayan koyarwa da kyau ba, ita ake mayarwa kayan koyarwa. Man bilicin nawa kuwa, ranar na kyautar da shi.