Jatau da Shanun Yaya Tabawa

A ƙauyen Gidan Dargo akwai wani magidanci, Jatau. Ƙarfi gare shi kamar ingarma, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da yayarsa Tabawa, mai shanu shida. Sau biyu mai motar madara yana mayar musu da madararsu saboda gudaji. Ya ce in aka yi na uku ya daina saye.

Wata rana Tabawa ta ce, "Wannan dattin hannun naka ke sa musu ciwon hantsa. Duk wadda za ka taɓa, ka wanke hannu." Jatau ya wanke, ya tsuguna zai yi tatsa. Saniya ta kaɗa masa wutsiya, ya tashi ya sake wankewa. Har azahar yana kan ta farko, sabulun gidan ya ƙare.

Wata rana malamin dabbobi ya zo, ya ga garken ya jiƙe da kashi. Ya ce, "Makwancinsu ya zama busasshe kamar ɗakin kwananku." Da Tabawa ta dawo daga rijiya ta tarar da jar saniya a ɗakinta tana tuƙa.

"Jatau! Mene ne wannan?"

"Yaya, ɗakina yana yoyo. Naki ya fi."

Wata rana da sassafe Tabawa za ta gidan suna. Daga ƙofa ta ce, "Kada ka haɗa madarar mai ciwon da ta sauran." Ta tafi ba ta ce wacce ba. Jatau ya bi shanun ɗaya ɗaya yana tambaya, babu wadda ta amsa. Sai ya wanke ƙwarya biyu, da tukunyar miya, da tulu, da kwanon sha, da langar Tabawa, ya tatsi kowacce daban. Ya jera su a baro ya tura bakin titi, mata suna ta dariya.

Mai mota ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Biyar lafiya lau. Ta cikin tulu ce mai gudaji.

Tabawa ta iso tana haki. "Ta tulun ta wacce ce?"

"Ta farar."

"Ni kuwa baƙar nake ta zargi!"

Mai mota ya juye biyar ɗin ya ce, "Gobe ma haka za ku kawo, har a yi wa farar magani."

Jatau ya ce, "To, Yaya, tukunyar miya ta zama ta madara. Ba miya ke nan."