Yadda Na Kai Surukina Ɗaurin Aure a Jar Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanen matata ba, ko na so in manta ma mutanen Tasawa ba za su bar ni ba. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ni kuma ina matashin malamin lakwal, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini irin na Faransawa, ina yawo da wando mai kari da tabarau (idona lafiya lau yake, gani na yi kawai ya dace da fuskata).

Motar da ta jawo mini wannan ta wani Bature mai sayen gyaɗa ce, ya bar ta da zai koma ƙasarsu. 'Yar ƙarama ce, ja, kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa, injinta kuma a baya yake, inda mutanen kirki ke zuba kaya. A zamaninta, in ta taso daga hanyar Maradi, rurinta ake fara ji kafin a gan ta. Amma lokacin da na saye ta, ta shekara biyu a gindin bishiyar bedi. Injin ya kafe, tayoyi sun ruɓe, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Da shanun noma aka jawo ta, aka fasa gefen katangar gidana aka shigar da ita tsakar gida, aka ɗora ta kan bulo. Matata Hadiza ta zagaya ta sau ɗaya, ta tambaye ni ko har da kajin na saya, don su ne kaɗai ta ga suna aiki.

A garin akwai Malam Tanko, tsohon soja, wanda ya koyi gyaran mota a bariki. Duk manyan motocin gyaɗa daga Mayahi har Maijirgi gare shi suke zuwa. Bai iya karatu ba, wannan kuma shi ne abin da na riƙe a kansa. Ya zo ganin motar, ya leƙa injin, ya ce in ina so ya taya ni. Na nuna masa littafin da na tarar a ƙarƙashin kujera, na Faransanci, mai zane-zanen kowane ƙarfe.

Ya ce, "To madalla. Amma Mushe, duk abin da za ka kwance, sa mishi alama da alli tun yana wurinshi."

Ni da alli ne sana'ata, sai na gyara tabarau na ce masa, "C'est scientifique, Malam Tanko, komi yana cikin littafi." Ya ɓare goronsa ya yi mini sallama.

Wata bakwai na yi a kan injin nan, kullum bayan an tashi lakwal. Gaskiya kuma na yi aiki, wannan ba zan rage wa kaina ba. Pistan huɗu ne, duk sun manne, sai da na jiƙa su da kananzir da man gyaɗa mako biyu kafin suka motsa. Na goge bawul ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi kanta. Takardar da ke shiga tsakanin kan injin da gangar jikinsa ta lalace, na auna na sa wani direba ya nemo mini a Maradi, tare da zobban pistan da buji, wato filogi. Kusoshi kuwa, ba kwanon Hadiza da bai ɗauki rabonsa ba. Mun daɗe muna cin tuwo mai ƙanshin isansi, wato fetur, kuma ranar da ta tsinci goron ƙarfe na ɗaure kusa a miyar kuka, kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Da na tsaya nan, da yau wani labari nake ba ku. Amma injin irin wannan mota a haɗe yake da akwatin bitas, wato giya, tare na sauke su. Shi akwatin lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya yi mini. Sai na ce tunda ga shi a ƙasa, bari in buɗe in wanke, in ga yadda Bature ya shirya cikinsa. Na zazzage komai a tabarma. Da na zo mayarwa na buɗe littafi, ashe gara ta cinye shafin nan, ta bar mini lambarsa kawai. Akwai wani babban faifai mai haƙora da ke juya tayoyin baya. Na gwada shi ta hagu ya zauna, na gwada ta dama ma ya zauna. Na tuna Malam Tanko, na kuma tuna abin da na faɗa masa, sai na zaɓi ɓangaren da ya fi kyan gani na ɗaure.

Ranar da na tada injin kuwa, bugu uku ya kama. Ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, sannan ya daidaita da wani ruri mai daɗi da ya tara mini maƙwabta. Na zauna a kujera ina sa bitas ɗaya bayan ɗaya, mota tana kan bulo ba taya ko ɗaya, ni kuma a raina har na wuce Urafane.

To, ƙanen Hadiza zai auri wata yarinya a can ƙarshen gari, bayan kasuwa. Mahaifinsu, Alhaji, babban mai sayen gyaɗa ne a Mayahi, mutum mai jiki, mai ƙarancin magana. Shekara uku da aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na kuma san ya taɓa cewa ɗan lakwal ko ƙusa bai iya bugawa ba sai ya duba takarda. Don haka na aika masa tun da wuri cewa in ya iso, a motata zan kai shi wurin ɗaurin aure.

Tayoyin da na yi ta jira sai da hantsin ranar suka iso. Na ɗaura su, aka tura mota ƙofar gida. Hadiza ta ce, "Malam, da ka ɗan zagaya da ita tukuna." Na ƙi. So nake ranar da Tasawa za ta fara ganin motar nan tana tafiya, ta gan ta da Alhaji a ciki.

Bayan azahar jama'ar Mayahi da maƙwabta suka cika ƙofar gida. Shigar da Alhaji ma aiki ne, don kujerar kusan a ƙasa take. Mutum biyu suka riƙe shi ya zauna, aka tattara babbar rigarsa aka cusa, aka danna ƙofa. Na shiga, na tada, na ɗan taka don kowa ya ji. Na sa bitas ta farko, na ɗaga wa jama'a hannu, na saki ƙafa.

Jama'ar da nake ɗaga wa hannu sai na ga suna nisa. Kafin in gane abin da ke faruwa, mun bi ta kan zanar maƙwabciyata Iya Rabi, awakinta sun watse.

Na ce wa Alhaji, ina kallon ƙasa, hannuna ne ya kuskure. Maza suka turo mu gaba, aka tada zanar. Wannan karon na ce kada in sake kuskure, na sa bitas ta biyu da kyau, na ƙara wuta. Sai ta zabura baya fiye da ɗazu, ta sake kwashe zanar nan, muka tsaya cikin tsibin ɓawon gyaɗa. Ɓawo ya zubo mana ta baya har cikin wuyan riga.

Cikin masu kallo, kamar yadda kuka zata, akwai Malam Tanko da farar rigarsa ta zuwa biki. Ya taho a hankali, ya sunkuya ya gaida Alhaji, sannan ya ce in sa bitas ta baya ya gani. Na sa. Mota ta rarrafa gaba.

Ya ce, "Injin dai ka iya, Mushe, ban yi zato ba. Amma faifan nan ka juya shi. Yanzu bitas huɗu gare ka na baya, ɗaya na gaba." Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit ta yadda har matan da ke leƙe ta kan katanga sun ji.

Na roƙi Alhaji ya yi haƙuri ya sauka a kai shi a wata mota. Ya kakkaɓe ɓawo daga hularsa ya ce ya riga ya faɗa wa mutanen Mayahi cewa a motar surukinsa zai je, kuma a cikinta zai je.

Muka kama hanya da bitas ɗin baya, wadda yanzu ita ce ta gaba. Injin yana kuka kamar za mu tashi sama, mota kuma tana tafiyar hawainiya. Tsofaffin da suka taho a ƙasa da sanduna suka wuce mu, suna yi mana sannu. Wata mata da tulu a ka ta wuce mu, ta kai gida, ta dawo ta sake wuce mu. Ba mu kai masallacin unguwa ba aka zo aka ce liman yana jira, kuma ba a ɗaurawa sai uban ango ya iso.

Alhaji ya ce, yana kallon gabansa, "Bitas nawa ya ce tana da su ta baya?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "To mi muke jira?"

Haka na juya ta. Muka ratsa Tasawa da baya, ta gefen kasuwa, ranar da ta fi kowace rana cika. Don in ga hanya sai na murɗa wuya ta dama, wato fuskata tana dab da gemun mutumin da shekara uku ban kalli idonsa ba. Shi kuwa yana zaune a miƙe, ba ya ganin kowa sai mun wuce shi, sannan ya ɗaga hannu ya gaida shi da natsuwa, kamar haka manya ke tafiya a Mayahi. (Abin haushin shi ne, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Mun kai har bitas ta uku.)

Muka isa wurin ɗaurin aure, gindin mota ne ya fara gaida jama'a. Maroƙi ya buɗe baki zai yi kirari, ya duba, ya rasa ta inda zai kama, sai ya ce, "Ga Alhaji ya iso, ƙeya a gaba." Liman da kansa ya rufe baki da gefen rawani. Aka zaro Alhaji, aka ɗaura aure, ni kuma na yi fatiha da wuya a karkace, don ya ƙi komawa daidai har washegari.

Bayan kwana biyu na sayi goro mai kyau na tafi garajin Malam Tanko, na bar tabarau a gida. Yini guda ya sauke akwatin ya juya faifan, bai yi mini gori ba, sai dai yana gamawa ya tambaye ni yadda ake cewa "baya" da Faransanci. Iya Rabi kuma na yi mata sabuwar zana. Sunan Mushe Baya-baya dai ya zauna, har yaran da na koyar suka haifi nasu suna kirana da shi.

Alhaji bai taɓa tada maganar ba har ya bar duniya. Sai dai duk lokacin da ya zo Tasawa na ce zan kai shi tasha, yakan yi godiya sosai, ya ce in bar shi, yau gaba ya nufa.

Abin da na koya shi ne, in ka gyara abu da hannunka, ka fara gwada shi da wanda ba ka jin kunyarsa.