Ranar da Na Faɗa Ƙasan Kwamfuta

Wata Laraba, a shagon ɗana da ke Titin Koudoukou, jikata Rakiya ta tafi sallah, ta bar kwamfuta a buɗe. Ta daɗe tana jera sunayen kayan shagon a ciki, layi bayan layi. Na ga maɓallan sun yi datti. Ni da na tsufa ina goge sikeli, wannan ɗan faranti ne zai gagare ni? Na sa bakin mayafi na murje shi tas.

Rubutu ya ɓace. Ba shinkafa, ba sukari, sai fararen gidajen rubutu wayam. Na kife kwamfutar, ina girgizawa ina salati, ko kayan za su gangaro.

A haka Rakiya ta same ni.

"Kaka, me kike tankaɗewa?"

"Na karya ubanki, 'yar nan."

Ta leƙa, ta kwashe da dariya. "Ƙasa kika faɗa! Layukan sun fi miliyan, ke kin dira a na ƙarshe, daga nan babu gaba." Ta taɓa maɓalli biyu, shinkafa ta dawo.

Har yau, in guga ya faɗa rijiya a layinmu, sai ka ji maƙwabta: "A kira Kaka, ita ta san ƙasa."