Giga Sittin Da Na Ce An Sace Min

Na amsa laifina tun kafin a tuhume ni. A shagona na buga takardu da ke Yelwa ina da wata ƙaramar kwamfuta ta manhaja zalla, ba ta ƙarfe ba, da ke zaune a cikin babbar kwamfutata, ita ke ɗauke da tsohuwar manhajar da nake tsara wa ɗalibai ayyukansu da ita. Ranar da ta ce wurin ajiyarta ya cika, na shiga saitin babbar na ƙara wa ƙaramar wuri daga giga arba'in zuwa ɗari, ina jin kaina injiniya. Na kunna ta, arba'in dai. Na kashe na sake kunnawa, ba ta motsa ba.

Nan take zargina ya faɗa kan Chinedu, abokina da ya sayar min da faifan ajiyar kwamfutar. Har na tuno cewa ranar cinikin bai yarda mun haɗa ido ba. Na rungumi kwamfutar, na hau keke, na dire ta a gaban masu sayayya a shagonsa.

"Chinedu, ina giga sittin ɗina?"

Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe ƙaramar, ya nuna min wani fili da ba a taɓa ba.

"Malam, fili ka ƙara, amma katanga tana nan inda take. Daga ciki ake matsar da ita."

Ya danna sau biyu, ɗari ta fito.

Na ba shi haƙuri, ya kuma yafe. Amma har yau in ya hango ni tafe, sai ya dubi mutanen shago ya ce, "Wanda ya ɗauki gigar Malam ya fito da ita, ga mai bincike ya iso."