Mangwaron Makarantarmu da Allon Dakta Maharazu

An sare mangwaron makarantarmu. Wanda ke bakin ƙofa nake nufi, gefen titin Funtuwa zuwa Malumfashi. A inuwarsa 'yan ajin ƙarshe ke ɗaukar darasi tun da iskar daminar bara ta yaye rufin ajinsu. Ga bazara, ga jarrabawar fita ta matso. An sare shi ne don yana tare wa masu wucewa a mota ganin allon tarihin rayuwar Dakta Maharazu.

Kada kowa ya ga laifinsa. Mutum kamar Dakta ai ba a rufe shi da ganye. Allah ya yi mana baiwa da muka zauna aji ɗaya da shi, mu ne dai ba mu gane ba. Mun ɗauka barci yake a bencin baya, ashe tunanin makomar ƙasa yake. Mun ɗauka satar amsa yake in ya leƙa takardar Baturiya, ashe tun lokacin ya fara abin da yanzu yake kira bincike.

Da muka gama sakandare, mu marasa buri muka tsaya inda Allah ya ajiye mu. Wasu asibiti, wasu sayen masara ranar kasuwar Bakori, ita kuwa Baturiya ta dawo makarantar tana koyar da lissafi. Shi ya shiga duniya. Ya fara da Zariya, ya yi difloma har rabi, sai ya lura malaman ba su kai su koyar da shi ba, ya yafe masu. Ya wuce Kaduna ya zama jami'in hulɗa na wani dillalin taki. Hulɗar ita ce riƙe jaka da buɗe ƙofar mota. Ya leƙa Legas, garin bai karɓe shi ba. Sai Abuja, ko in ce Mararraba, tunda daga nan ma ana hango Abuja in an hau tudu. Can ya zama mai ba wani babban mutum shawara. Shawarar ba ta wuce "Gaskiya ne, ranka ya daɗe" ba, amma a yi masa adalci, bai taɓa faɗinta a makare ba.

Digirin dakta kuwa a Kwatano ya samo. Ya tafi ran Juma'a, ya dawo ran Litinin da hula mai jela. Mu da muka ɗauka sai mutum ya yi furfura a kan littafi, mun ji kunya.

A garinmu Alhaji Lokacin-Da ake ce masa, don ba ya buɗe baki sai da "Lokacin da nake Kaduna", "Lokacin da nake Abuja". Ko ta'aziyya ya je, sai mamacin ya jira.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta zauna kan maganar rufin nan, shugabanmu Alhaji Maitama ya kira Dakta a waya, ya buɗe murya kowa na ji.

"Rufi?" in ji Dakta. "Maitama, ku riƙa tunani irin na zamani. Rufi iska ke ɗauka. Abin da yaran nan suka rasa shi ne abin koyi. Su buɗe ido su ga wanda ya fita daga ƙauyen nan ya kai inda ya kai."

Abin koyi ya iso a bayan tirela. Allo ne na ƙarfe, faɗinsa ya kai gaban shago. Hoton Dakta a tsakiya, hannu a haɓa, garuruwan da ya zauna sun kewaye shi kamar ya ci su da yaƙi. Aka kafa. Aka ɗauki hoto daga titi aka tura masa. Ya ga duhun ganye ya rufe masa rabin fuska, ya ba da umarni a kawar da duk abin da ya tare gaba. Shugaban makaranta, Malam Sama'ila, wanda ya shafe watanni yana neman kafinta bai samu ba, ya samo mai injin yanka itace kafin azahar.

Kututturen ya ƙi tonuwa. Sai aka shimfiɗa masa darduma, aka ce ga dandamalin babban baƙo.

Ranar buɗe allo Dakta ya iso da gemu baƙi wuluk, ya fi wanda ya tafi da shi baƙi. Ya dube mu, mu 'yan ajinsu mata, ya ɗan rusuna.

"Sannunku, iyayena mata."

"Maharazu, ni ce iyarka?" in ji Baturiya. "Ba tare aka yi mana bulalar makara ba, kai ka fi kowa ihu?"

Bai ji ba. Manyan mutane suna da wani irin kunne mai tace magana. Ya hau darduma, aka miƙa masa makirfo, yara na zaune a rana suna kare kai da littafi.

"Lokacin da nake Zariya," ya fara, "malamai kan tashi tsaye in na shigo. Lokacin da nake Kaduna, babu buhun takin da ya shiga arewacin ƙasar nan ban sani ba. Lokacin da nake Legas, teku na gani da idona na ce masa, kai ma ruwa ne kamar na madatsar garinmu."

Aka tafa. Maitama ya fi kowa, don shi ke zaune ƙarƙashin rumfa.

Can sai murya ta yi laushi, ya ciro hankici.

"Amma ku sani, 'ya'yana, duk wannan ɗaukaka daga gindin bishiya ta faro. Akwai wani mangwaro a makarantar nan. Da hannuna na dasa shi. Da guga na shayar da shi. A inuwarsa na haddace abin da ya kai ni gaban manya. Duk garin da na sauka, da shi nake mafarki. Ku dube shi, ga shi can!"

Ya miƙa hannu dama. Fili. Ya miƙa hagu. Fili. Ya juya baya, sai ya yi ido biyu da kansa a jikin allo.

Maganar dasawa dai, mangwaron ya girmi Dakta. Maganar shayarwa kuwa gaskiya ce, don horon masu makara ke nan, kuma a wannan fanni babu wanda ya kama ƙafarsa.

"Ina mangwaron?" ya daka tsawa. "Wane jahili ne ya taɓa shi? Kun san abin da ake kira kwararowar hamada? Lokacin da nake Abuja, na zauna taro a kan wannan!"

Malam Sama'ila ya duƙufa yana gyara igiyar takalmi, takalmin da ba shi da igiya. Baturiya ta miƙe.

"Dakta, ɗaga ƙafarka. A kansa kake tsaye."

Ya dubi darduma. Ya dubi yara. Wani zai ce nan zai yi shiru, amma wanda ya faɗi haka bai san darajar karatun Kwatano ba.

"Kun gani?" in ji shi. "Matsalar ƙasar nan ke nan. Ba a tuntuɓar masana."

Nan take ya kafa gidauniyar dasa itatuwa mai sunansa. Aka nemo ɗan dashe a leda, ya riƙe shi kamar jariri ranar suna, aka ɗauki hoto. Ya ajiye shi gefen rumfa ya shiga mota, akuya ta ƙarasa aikin gidauniya.

Yanzu Malama Baturiya da 'yan ajinta bin bango suke yi. Da safe suna inuwar yamma da ofis, in rana ta take su lafe jikin bayi, tana rubuta lissafi suna toshe hanci. Jarrabawa kuwa ba ta san an yi biki ba.

Saboda haka, Alhaji Maitama da Malam Sama'ila, da ku nake. Mangwaro ba zai dawo ba. Amma na zagaya allon nan na ƙwanƙwasa shi, ƙarfe ne mai kauri, ba ya yoyo. Ku sauke shi kafin ruwan farko, ku ɗora a kan ajin yaran nan, ku buga ƙusa. Fuskar ta kalli sama, shi ma ya ɗanɗani bazara. Kada ku ji tsoron fushin Dakta. Ku gaya masa an yi masa ƙarin girma.